Bayan an ce "na amsa": Ƙofofin da suka rage wa mai ɗaukaka ƙara a Neja

A watan Agustan 2002, wata kotu a garin Gawu da ke ƙaramar hukumar Gurara ta Jihar Neja ta yanke wa Fatima Usman da Ahmadu Ibrahim hukuncin kisa ta hanyar jifa bisa laifin zina. Hujjar da aka ɗora hukuncin a kanta daga bakinsu ta fito, domin dukansu biyu sun amsa. Abin da ya ƙara ɗaure wa mutane kai shi ne, an riga an hukunta su a kan wannan laifi tun da fari, aka yanke musu ɗaurin shekara 5. Daga baya aka sake buɗe shari'ar bisa dalilin cewa da tsohuwar doka aka yi musu hukunci, alhali tun shekarar 2000 gwamnatin Injiniya Abdulkadir Kure ta yi wa Final Kod ɗin jihar kwaskwarima, ta shigar da hukunce-hukuncen haddi a sashe na 68A. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam da suka bibiyi lamarin sun ruwaito cewa mutanen biyu ba su da lauya a lokacin da suka amsa, kuma ba sa gaban kotu ranar da aka sauya ɗauri ya koma jifa.

Lauyoyi suka shigo daga baya, suka kai ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Minna. Kafin shekarar ta ƙare aka ba su beli. Shekara biyu bayan haka, shari'ar tana nan ana ta ɗage ta. Amsar da ba ta ci minti guda ba a Gawu ta zama aikin shekaru a Minna.

Tambayar da shari'ar ta tayar ba ta tsufa ba: mutumin da ya buɗe baki a gaban alƙali ya ce ya aikata, me ya rage masa da zai kai kotun gaba? Tambaya ce da ta shafi ma'aikacin gwamnatin tarayya fiye da yadda yake zato. Dubban waɗanda ke cika ofisoshin Abuja da safe a Suleja da Madalla da Gauraka da Sabon Wuse suke kwana, kuma duk waɗannan garuruwa ƙasar Neja ce. Wanda rigimar haya ko ta bashi ko haɗarin mota ya rutsa da shi a Madalla, kotun Jihar Neja zai gurfana, dokar Neja za ta hau kansa, ko da katin shaidar ma'aikatar tarayya na rataye a wuyansa.

Abin da amsa laifi ke rufewa

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa, kuma nauyin tabbatarwar yana wuyan mai gabatar da ƙara. Amsa laifi sauke masa wannan nauyi ne. Babu sauran kiran shaidu, babu yi musu tambayoyin ƙure, babu jayayya kan ko takardar da aka kawo ta gaskiya ce. Kotun Ƙoli ta bayyana haka ƙarara a 2008 a shari'ar Omoju da Gwamnatin Tarayya, wadda ta shafi safarar miyagun ƙwayoyi: wanda ya amsa laifi da kansa, cikin sani, ya rufe ƙofar sauraron shaida, abin da ya rage wa alƙali shi ne ya same shi da laifi ya yanke hukunci. Saboda haka wanda zai je kotun gaba ya ce "ai ba su kawo hujja ba", ya makara. Shi ne ya yafe musu kawo ta.

Me ya sa mutane ke amsawa? Wasu don sun aikata ne kuma suna neman sassauci, wannan kuwa ba abin zargi ba ne. Amma duk wanda ya san harabar kotunan majistare ya san akwai wani dalili. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda ya musanta laifi, kuma ba shi da mai tsaya masa a beli, yana iya shafe watanni a gidan gyaran hali na Suleja ko na Tunga da ke Minna kafin a kira shaida na farko. Sai wani ya raɗa masa a kunne cewa ya amsa kawai, a ci shi tara, ya kwana gida yau. Sau da yawa hakan ke faruwa. Wani lokaci kuma alƙali ya yanke ɗauri babu zaɓin tara, mai raɗar ya sulale, a bar mutum da abin da bakinsa ya jawo masa. Baki shi ke yanka wuya.

Duk da haka, amsa laifi bai ƙwace wa mutum haƙƙin ɗaukaka ƙara ba. Sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulki ya bai wa kowa damar kai hukuncin ƙarshe na babbar kotu gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ba tare da neman izini ba, kuma bai cire wanda ya amsa laifi ba. Abin da ya ragu shi ne yawan dalilan da za su karɓu.

Shin amsar ma amsa ce?

Nan ne mafi yawan nasarori suke fitowa. Doka ba ta ɗauki kowace "eh" a matsayin amsa laifi ba. Tun 1988, a shari'ar Kajubo, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa sharuɗɗan gurfanarwa: a kawo wanda ake tuhuma gaban kotu, a karanta masa tuhumar, a yi masa bayaninta da harshen da yake ji har alƙali ya gamsu ya fahimta, sannan a tambaye shi. Idan aka tsallake wannan mataki, duk abin da aka gina a kai ya rushe. Sashe na 36 ya ƙara da haƙƙin samun tafinta kyauta.

A jiha kamar Neja wannan ba ƙaramar magana ba ce. Banufe daga Bida, Bagware daga Paiko, Bakambare daga yankin Kontagora, Bafulatani daga ruga, duk suna iya tsayuwa a kotu ɗaya da safe ɗaya, a rubuta shari'arsu da Turanci, a fassara musu da Hausar da wasunsu ba su iya ba sai ta ciniki. Kalmar da Final Kod ke amfani da ita ga cin amana tana da sharuɗɗan da suka bambanta da na sata, suka kuma bambanta da na bashin da aka kasa biya. Idan tafinta ya dunƙule su duka ya ce "ka ci kuɗinsa?", mutum ya ce "eh, na ci", to me ya amsa? Ya amsa cewa kuɗi sun shiga hannunsa. Bai amsa cewa ya yi niyyar zamba ba, kuma niyyar ita ce laifin.

Shi ya sa Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, ta ɗora wa alƙali aiki a sashe na 274. Zai rubuta amsar kusan yadda ta fito daga bakin mai ita, ya sa mai gabatar da ƙara ya zayyana abin da ya faru, sannan ya sake tambayar wanda ake tuhuma ko wannan bayanin ne ya amsa. Wanda ya ce "na buge shi, amma shi ya fara zaro mini wuƙa" bai amsa laifi ba, kariya ya kawo, kuma wajibi ne a rubuta masa cewa ya musanta. Idan kuwa laifin na hukuncin kisa ne, ko mutum ya rantse ya aikata, doka ta ce a rubuta bai amsa ba, a kawo shaidu. Wannan doka kotunan tarayya da na Abuja take ɗaurewa, har da Babbar Kotun Tarayya da ke Minna. Kotunan jihar suna aiki da dokar jiha, wadda ta bi sawun ta tarayya a waɗannan ƙa'idoji, ko da lambobin sassan sun bambanta.

Akwai kuma dalilan da ba su da alaƙa da abin da mutum ya faɗa. Idan kotun ba ta da hurumin sauraron laifin, amsa ba ta ba ta hurumi. Idan abin da aka zayyana ba laifi ba ne a rubutacciyar doka, ko kuwa an aikata shi kafin dokar ta fara aiki, amsa ba ta mayar da shi laifi. Wannan dalili na ƙarshe yana cikin waɗanda suka kuɓutar da Safiya Husaini a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ranar 25 ga Maris, 2002.

Sai dai a nan akwai tarkon da masu ɗaukaka ƙara kan manta da shi. Alƙalan kotun gaba ba su ga fuskar kowa ba, ba su ji rawar murya ba, ba su san wanda ya yi raɗa a bakin ƙofa ba. Kundin shari'ar da ƙaramar kotu ta rubuta kaɗai ke gabansu, kuma doka ta ɗauka cewa abin da kotu ta rubuta daidai ne sai an nuna akasin haka. Idan kundin ya ce an karanta tuhuma, an yi bayani, ya ce ya fahimta, to warware wannan layi guda aiki ne ja. Game da tafinta ma, Kotun Ƙoli ta ce tun 1983, a shari'ar Gwonto, wanda yake da lauya bai kuma yi ƙorafin rashin tafinta a lokacin shari'a ba, ba zai zo ya tayar da maganar a kotun gaba ba. Ko an yi nasara kuma, galibi ba sallama ake samu ba: umarni ake bayarwa a sake shari'ar daga farko a gaban wani alƙali. Mutum ya ci nasara, ya koma inda ya fara, wataƙila bayan ya riga ya cinye rabin wa'adinsa.

Inda fiƙihu ya fi sauƙi

Wani abin lura da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, a laifukan haddi, fiƙihun Malikiyya ya fi dokar da aka gada daga Turawa buɗe wa mai iƙirari hanyar komawa baya. Shari'ar Amina Lawal ce ta fito da wannan fili. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin jifa a watan Maris na 2002 bisa iƙirarinta da kuma haihuwar da ta yi ba aure. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta, kwanaki kaɗan kafin na Gawu, ta ƙi karɓar janyewar da ta yi. Ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar, ta soke hukuncin. Daga cikin dalilanta: mai iƙirarin zina yana da damar janyewa matuƙar ba a zartar da haddi ba, iƙirari sau ɗaya bai wadatar ba, kuma alƙali guda ne ya zauna a Bakori alhali dokar jihar ta buƙaci alƙali da mataimaka biyu.

Wannan sassauci na haddi ne, inda ƙa'ida ita ce a kawar da hukunci idan akwai shubuha. Bai shafi haƙƙin mutane ba. Wanda ya yi iƙirarin cewa dukiyar wani tana hannunsa, janyewa ba ta sauke masa biya.

Hukunci: ƙofar da ke buɗewa ta gaba da ta baya

Mafi yawan waɗanda suka amsa laifi ba cewa suke yi ba su aikata ba. Kukansu shi ne an yi musu tsanani. Kotun gaba tana sauraron wannan kuka, amma ba don tausayi kawai ba. Sai an nuna mata alƙali ya wuce iyakar da doka ta sa, ko ya yi watsi da abin da ya kamata ya duba, kamar cewa wannan ne laifin farko, ko kwanakin da aka riga aka yi a tsare, ko ita kanta amsar da ta hutar da kotu.

Misali mafi kusa daga Kano yake. Ranar 5 ga Afrilu, 2022, Mubarak Bala ya amsa tuhume-tuhumen da suka shafi rubuce-rubucensa na Facebook waɗanda aka ɗauka ɓatanci ne ga addini, a gaban Babbar Kotun Jihar Kano, aka yanke masa ɗaurin shekara 24. A watan Mayun 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bar samunsa da laifi yadda yake, ta rage wa'adin zuwa shekara 5. Ko mene ne ra'ayin mutum game da shari'ar, tsarin da ta nuna shi ne wanda aka fi gani: amsar ta tsaya, hukuncin ya motsa.

Yana kuma motsawa ta ɗaya ɓangaren, kuma babu ma'aikacin tarayya da ya kai shekara goma sha a aiki da bai san labarin ba. Ranar 28 ga Janairu, 2013, John Yakubu Yusuf, jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda, ya amsa tuhuma uku na karkatar da biliyoyin naira a gaban Mai Shari'a Abubakar Talba na Babbar Kotun Abuja. Aka yanke masa shekara 2 a kan kowace tuhuma, ko tarar naira 250,000 kowacce. Ya biya naira 750,000, ya miƙa kadarori 32 da naira miliyan 325 ga gwamnati. Ƙasa ta ɗauki zafi, har Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta dakatar da alƙalin na wata 12. EFCC ta ɗaukaka ƙara. A watan Maris na 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6, a yi wa'adin uku ɗaya bayan ɗaya, tare da biyan naira biliyan 22.9. A 2020 aka sake kama shi aka kai shi Kuje, a 2022 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Shekara 9 ke nan tsakanin ranar da ya ɗauka magana ta ƙare da ranar da ta ƙare da gaske.

Ba sai mai gabatar da ƙara ne ya ɗaukaka ba kafin haka ta faru. Dokar da ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba ta ikon sauya hukuncin da aka kawo mata ƙorafi a kansa da wanda ya fi sauƙi ko wanda ya fi tsanani. Lauyan kirki yakan gaya wa wanda yake karewa wannan tun kafin a sa hannu a takarda, don kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago.

Yarjejeniyar amsa laifi

Ga manyan jami'ai da hadimansu, amsa laifi galibi ta hanyar yarjejeniya da EFCC ko ICPC take zuwa: a rage tuhume-tuhume, a mayar da dukiya, a nemi hukunci mai sauƙi. Haka aka yi da Tafa Balogun a 2005 da Cecilia Ibru a 2010, kowannensu ɗaurin wata 6, a lokacin da babu cikakkiyar dokar tarayya da ta tsara yadda ake yi. Sashe na 270 na ACJA ne ya zo ya tsara shi. Dole yarjejeniyar ta kasance a rubuce. Alƙali ba ya shiga tattaunawar. Kafin ya karɓa sai ya tabbatar mutum ya amsa bisa raɗin kansa, babu tilas. Idan kuma yana ganin hukuncin da aka shirya ya yi sauƙi, ba zai ɗora mai tsanani kai tsaye ba: zai sanar da wanda ake tuhuma, shi kuma ya zaɓa, ko ya tsaya a kan amsarsa ya roƙi sassauci, ko ya janye a fara shari'a sabuwa a gaban wani alƙali. Alƙalin da ya tsallake wannan mataki ya ba da dalilin ɗaukaka ƙara mai ƙarfi.

Ƙaramin sashe na 18 kuwa cewa ya yi hukuncin da ya fito daga irin wannan yarjejeniya na ƙarshe ne, ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai idan ana zargin zamba. Lauyoyi da dama na ganin dokar majalisa ba za ta iya toshe haƙƙin da sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulki ya bayar ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. Amma wanda ya sa hannu a yarjejeniya, alƙali ya ba shi daidai abin da aka shirya, sannan ya dawo yana kuka, ko an buɗe masa ƙofar zai yi wuya ya sami abin faɗa a ciki.

Kwanaki da hanya

Daga kotun majistare a Neja, ƙara tana zuwa Babbar Kotun Jiha, kuma kwana 30 ne wa'adin. Daga Babbar Kotun Jiha ko Babbar Kotun Tarayya ta Minna, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Abuja, cikin kwana 90. Daga can zuwa Kotun Ƙoli, kwana 30. Ana ƙirgawa daga ranar hukunci, ba daga ranar da dangi suka gama haɗa kuɗin lauya ba. Wanda ya makara zai iya neman ƙarin lokaci, amma sai ya kawo dalilin jinkirin, ya kuma nuna cewa ƙarar tana da abin dubawa. Shigar da ƙara ba ya dakatar da ɗauri, beli kuma bayan an sami mutum da laifi ya fi na farko wuyar samu. Ga wanda aka yanke wa wata 6 ko shekara guda, sau da yawa wa'adin kan ƙare kafin a gama buga kundin shari'ar a aika sama. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofishi a Minna domin marasa ƙarfi, sai dai lauyoyinta ba su kai yawan masu bukata ba.

To me zai sa wanda ya riga ya fito, ko ya biya tararsa, ya ci gaba da bin ƙara? Ga ɗan kasuwa wataƙila babu dalili. Ga ma'aikacin gwamnati akwai. Ƙa'idojin Aikin Gwamnati sun sa samun mutum da laifi a kotu cikin manyan laifukan da ke jawo kora, in ban da ƙananan abubuwa irin na dokar hanya ko tsabtar muhalli, kuma ba su bambanta wanda aka ɗaure da wanda ya biya tarar naira dubu 20 ya tafi gida ba. Hadimin da ke hangen kujerar majalisa kuwa, sashe na 66 da na 107 sun hana wanda aka hukunta bisa laifin rashin gaskiya tsayawa takara har shekara 10. Idan kotunan gaba suka ƙi, abin da ya rage shi ne afuwa, ta Shugaban Ƙasa a sashe na 175 ga laifin tarayya, ta gwamna a sashe na 212 ga laifin jiha. Diepreye Alamieyeseigha, wanda ya amsa laifi a 2007, ya samu ta shugaban ƙasa a watan Maris na 2013. Shi tsohon gwamna ne, kuma wanda ya yi masa afuwar tsohon mataimakinsa ne. Ma'aikaci mai mataki na 8 da ya amsa laifi a kotun majistare ta Suleja, takardarsa teburin Gwamnan Neja za ta nufa, ta shiga layi bayan na waɗanda suka shekara da shekaru a tsare.